Buhun Gyaɗa a Ofishin Yaya Sadisu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sadisu, wanda ya yi aikin ba ɗalibai shawara a wata kwaleji a nan yankinmu. Ni karatuna a firamare ya tsaya, noma nake yi a ƙauyenmu kusa da Kunci. Masana su yi mini afuwa idan na kuskure wajen bayanin aikinsa.

A shekarun nan da taki ya gagari talaka, masu ilimi suna dawowa gida ba aiki, ba mai shiga ofishinsa. Ɗalibai sun sa masa suna ɗakin masu taɓin hankali. Wanda ya daure ya leƙa, a tsaitsaye yake tambayar wane fanni ne ke da aiki, ya fice kafin a gan shi. Yaya yakan ce tambayar aiki sallama ce kawai, abin da ke hana yaro barci yana bayanta.

Gab da damina ya zo ya ce in ba shi buhun irin gyaɗarmu. Hankalina ya tashi, don ba mu da wani irin. Na ce yara za su cinye, kuma za a ce yana sa ɗalibai aikin gidanmu. Har limaminmu na tambaya ko ya halatta. Yaya ya yi dariya ya ce, "Garba, kai ko hadari ne ya haɗo sai ka damu kada ya gaji a hanya."

Ya shimfiɗa tabarma a ofis, ya ajiye faifai. Duk wanda aka gani ya shiga, sai ya ce ya je taya Malam ɓarar gyaɗa ne. Hannu na aiki, ido na ƙasa, ba mai kallon wani, a haka baki yake buɗewa. Wanda abinsa ya fi ƙarfin hira, Yaya da kansa yake raka shi asibiti a Kano.

Ɗana Auwalu yana kwalejin a lokacin. Ya rame, ya daina magana, ya gaya wa mahaifiyarsa zai bar karatu. Na yi ta neman rubutu da addu'a, ban san yana cikin masu ɓarar ba. Ranar da Yaya ya dawo da buhun, ɓararre, da ɗan giɓin abin da yara suka ci, tare suka zo. Auwalu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, tsoro nake ji in gama in dawo in zauna maka a zaure, bayan duk wahalar da ka sha." Bai bar karatun ba. Fanni ya sauya zuwa lafiyar dabbobi. Yanzu duk ranar kasuwar Ɗambatta da kyar yake samun sukunin cin abinci saboda yawan makiyayan da ke nemansa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga ɗaliban yanzu, kowa ya duƙufa kan waya da damuwarsa. Ina jin zai ce ido dai yana ƙasa, saura faifai.

Malamar da ta gaje shi ba ta naɗe tabarmar ba. Duk shekara nakan kai mata buhu, ya dawo ɓararre, da giɓi kamar wancan na farko. Kafin shuka nakan ɗan damu, wannan halina ne. Amma ban taɓa tambayar wa ya ci ba. Allah Ya jiƙan Yaya Sadisu.