Kujerar da Aka Kai Ajin Yaya

Ni ba malami ba ne. Aikina gyara ne a wata makarantar kuɗi, a ƙasar da ba tamu ba: famfo, fanka, ƙofar da ta ƙi rufuwa, tebur da yara suka karya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yi. Labarin yayan matata zan bayar. Ina kiransa Yaya, shi kuma yana kirana Injiniya in yana jin tsokana.

Yaya ya yi shekara ashirin da biyu yana koyar da lissafi a gida, a makarantar gwamnati. Ajinsa mafi ƙanƙanta yara tamanin ne. Littafi guda ne, na malami, shi ma bangonsa ya daɗe da tafiya. Don haka allo shi ne littafin yara. Abin da ya rubuta da safe yana nan har a tashi, wanda bai gane ba ya zauna lokacin hutu ya kwafa, ya sake bi a hankali. A wurinsa goge allo kafin na ƙarshe ya gama kwafa daidai yake da ɗauke kwano a gaban mai ci.

Ni na ji ana neman malamin lissafi a makarantarmu, ni na kai takardunsa ofis. Ya zo yana da shekara hamsin, da akwati guda, ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu a gida. Aka ba shi ɗaki a gidajen ma'aikata da ke bayan makaranta, ƙofa biyu tsakaninsa da mu. Ranar da ya fara shiga aji ya dawo yana dariya.

"Injiniya, yara ashirin da huɗu! Na tsaya ina jiran sauran su shigo."

Kowane yaro da littafinsa. Allon fari ne, ba alli, sai maka, wato babban biron rubutu a allo. Duk da haka Yaya bai sake hali ba. Yakan cika allo daga wannan gefe zuwa wancan, mataki bayan mataki, ya rubuta a kusurwa, "Kar a goge."

Matsalar ita ce ajin ba nasa ba ne shi kaɗai. Shi ke da 'yan shekarar ƙarshe da safe. Bayan hutu shugaban sashen lissafi ne ke shiga musu. Mu ma'aikata Mai-fayil muke ce masa, don ko banɗaki za shi sai da fayil a hammata. Ɗan ƙasar ne, Yaya ya girme shi da shekara goma sha biyar. Ba zan yi masa ƙarya ba: ya san aikinsa, ba ya makara, bai taɓa yi wa leburan makaranta tsawa ba. Amma dokar makaranta ta ce kowane malami ya bar allo a goge, shi kuma doka ce abincinsa. Yaya ya rubuta, shi ya goge. Sati uku suna haka, ba wanda ya ce wa wani uffan.

Rannan Yaya ya same ni a ɗakin gyara.

"Wancan tsohon allon da ke jingine a sito, na waye?"

"Na gizo-gizo."

"To ka karɓo mini aro a wurinsa."

Na san ƙa'ida. A makarantar nan ko ƙusa ɗaya ba ka bugawa sai da takardar izinin aiki mai sa hannu biyu. Amma na ga takardar za ta bi ta teburin Mai-fayil, na san inda za ta kwana. Ranar da ba karatu na ɗauki injin huda bango, na kafa allon a bangon baya na ajin. Minti ashirin ya ɗauke ni.

Abin ya yi aiki, shi ne ma ya jawo tsiyar. Yaya ya riƙa goge allon gaba kamar yadda doka ta ce, yana barin aikinsa a na baya. Lokacin hutu yara su juya kujeru su kwafa. Sai wata rana Mai-fayil yana tsakiyar darasi, wata yarinya mai zama bakin taga ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, malamin safe ba haka ya bi ba. Ga shi can a baya, tasa hanyar ta fi gajarta." Yara suka juya gaba ɗaya. Mutum yana tsaye a gaban aji, ƙeyoyi ashirin da huɗu yake kallo.

Washegari aka kira Yaya ofishin shugabar makaranta. Ni ma aka ce in jira a bakin ƙofa. Ina jin komai. Shugaba ta tambaya wa ya huda bangon makaranta ba izini.

Yaya ya ce, "Ni na sa a yi. Laifina ne, a yi haƙuri."

A inda ya fito, in babba ya faɗi haka magana ta mutu, a sha hannu kowa ya kama gabansa. Nan kuwa akwai sakatariya a gefe tana rubutawa. Kafin a tashi an buga takarda: malamin ya amsa cewa ya taɓa kayan makaranta ba izini, ya kuma yi katsalandan a darasin abokin aikinsa. Yaya ya karanta tsaf, ya sa hannu. Ba a ko kira ni ciki ba. Yaya ya san takardar zamana a ƙasar a jikin aikin nan take rataye, ga ƙanwarsa, ga yara uku. Ni kuma ina bakin ƙofa, hannuna a kan mariƙi, ban tura ba. Wannan shi ne abin da na yi, ba na ƙawata shi.

Hukuncin ya zo kashi biyu. Yaya zai riƙa miƙa tsarin darasinsa tun kafin ya shiga aji, minti kaza na wannan, minti kaza na wancan, ba kaucewa. Sannan Mai-fayil zai zauna a bayan ajin a kowane darasi har ƙarshen shekara, yana dubawa. Ni aka ba aikin cire allon, da kai kujerar. Wannan karon da takardar izini, sa hannu biyu.

Saura sati tara yaran su rubuta jarrabawar fita.

A satin nan Yaya ya rubuta takardar barin aiki, bai sa mata kwanan wata ba, ya ninke ya sa a aljihun riga. Yarjejeniyar aikinsa ta ce sai ya ba da sanarwar wata guda. In kuma ya tafi kafin ƙarshen shekara, ba zai samu takardar shaidar kammala aiki ba, wadda da ita ake neman wata makarantar a ƙasar. Ya fito da takardar barin aikin ya nuna mana muna cin abincin rana a ɗakinmu.

Matata ta ce, "Yaya, ka miƙa gobe. Mutum da furfurarsa a zaunar masa da mai gadi a aji? Ga hawan jini. Mu dai ba mu kawo ka ka mutu a ƙasar mutane ba."

Na ce, "Sati tara ne fa. Ka runtse ido ka haɗiye. Ni shekara goma sha ɗaya nake haɗiya."

"Shi ya sa cikinka ya yi haka," in ji ta.

Yaya ya ce, "Ku biyun nan ko a kan gishirin miya ba ku taɓa shiryawa ba. Ni ba ta furfura nake ba, ba ta takarda ba. Yaran nan rabinsu ba su iya abin da ya kamata su iya tun bara ba. In ina da amfani a wurinsu zan zauna ko a kaina mutumin zai ɗora kujerar."

"In kuma ba ka da shi fa?" in ji ni.

"Zan sani."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na sha jin masu cewa za su sani, suna nan har yau muna gaisawa a bakin get.

Sati huɗu suka wuce. Yaya yana miƙa tsarin darasi a kan lokaci. Mai-fayil yana zama a baya, agogo a kan fayil. Ba faɗa, ba zagi. Suna gaisawa ma. Sai dai Yaya ya daina tsokanata, abincin da matata ke kai masa yana dawowa da saura.

Ranar wata Laraba fankar ajin ta tsaya, yara suna ta kukan zafi, aka ce in gyara ko ana darasi. Ina kan tsani a tsakiyar aji, komai a ƙasana yake. Yarinyar bakin taga ta ɗaga hannu.

"Malam, layi na uku. Me ya sa alamar ta juya da ka tsallakar da ita? Tun bara ban gane wannan ba."

Yaya ya cire murfin maka, ya juya zai nufi allo. Sai ya tsaya. Ya waiwaya bayan aji. Mai-fayil agogonsa kawai ya duba. Yaya ya mayar da murfin.

"Ba ya cikin darasin yau. Ki duba shafi na arba'in."

Yarinyar ta sauke hannu. Aka ci gaba. Darasi ya ƙare daidai da ƙararrawa. A baranda na ji Mai-fayil yana ce masa, da zuciya ɗaya kuwa, "Yau ka yi daidai. Ka ga ba wuya."

Da aka tashi Yaya ya shigo ɗakin gyara, ya ture gwangwanin fenti ya zauna a kan benci.

"Ara mini biro."

Na ba shi. Ya fito da takardar, duk ta yi laushi don zama a aljihu, ya rubuta kwanan watan ranar.

Na ce, "Yaya, ka yi lissafi kuwa? Kai ne malaminsa. Sati biyar ya rage. Wata guda sati huɗu ne. Za ka tafi ana saura sati ɗaya jarrabawa."

"Ka ga abin da na yi yau?"

"Ni fanka na gani."

"Ka gani, Injiniya. Kana sama, ka fi kowa gani." Ya miƙo mini birona. "Shekara ashirin da biyu, yaro bai taɓa tambayata na kalli fuskar wani kafin in amsa ba. Yau na kalla. Kuma mutumin bai hana ni ba, ni na hana kaina. In na ƙara sati biyar a haka, ajin yana da malami a takarda ne kawai."

Ya tashi ya hau bene ya miƙa takardar.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne wannan. Kwana biyu bayan takardar ta shiga, kujerar ta zama ba kowa. Wa zai ɓata lokacinsa yana gyara malamin da zai tafi? Ba wanda ya ƙara tambayar tsarin darasi. Ranar farko da Yaya ya ga bayan aji wayam, ya ce kowa ya rufe littafi, ya dubi yarinyar bakin taga ya ce, "Tambayarki ta ran Laraba." Darasin gaba ɗaya a kanta ya ƙare. Ashe ba ita kaɗai ba ce, su goma sha ɗaya ne ba su gane ba.

Watan nan na ga aiki. Ya koma da su baya har abin shekara biyu da suka wuce, ya taho da su a guje. Lokacin hutu ba ya fita, su ma ba sa fita. Muryarsa har ƙasan bene nake jinta. Kwanon abinci ya koma dawowa a suɗe. Matata ta ce, "Wai wannan shi ne mai barin aikin?"

A satinsa na ƙarshe shugaba ta kira shi. Iyaye sun yi ta bugo waya. Ta ce ya janye takardar ya ƙarasa shekara, za a ba shi shaidarsa cikakkiya.

Ya ce, "Kujerar fa?"

Ta ce hukuncin yana cikin fayil, in ya janye dole a ƙarasa duba shi kamar yadda aka rubuta. Ba ita ta kafa tsarin ba.

"To a ƙara mini sati ɗaya kawai, in kai su bakin ƙofar jarrabawa."

Ta ce ofis ya riga ya tura takardun soke zamansa da kwanan watan da ya rubuta da hannunsa. Ko ya janye duka, ko ya tafi a ranar. Ya yi mata godiya ya fito. Ni da matata muka kai shi filin jirgi ranar Asabar, da akwatin da ya zo da shi. Shaidar da aka ba shi layi biyu ce: ya yi aiki daga wata kaza zuwa wata kaza.

Yanzu yana gida, yana koyarwa a wata ƙaramar makaranta kusa da unguwarsu. Da sakamako ya fito aka liƙa a allon sanarwa, na je na karanta, na kira shi.

"Goma sha tara sun ci. Biyar sun faɗi."

"Ta bakin taga?"

"Ta ci. Da ƙyar, amma ta ci."

"Faɗa mini biyar ɗin."

Na riƙa karanto masa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa "to". Da na zo kan na huɗu, wani dogo mai zama kusa da ƙofa, sai ban ji "to" ɗin Yaya ba, har na zaci layin ya yanke.

"Yaya?"

"Ina ji. Wannan abu ɗaya ya rage masa, na ce masa in an ƙara mini sati, ranar Litinin za mu yi." Ya ja numfashi. "Satin da ban samu ba ne ya ci shi."

Na ce, "Da ka zauna da kujerar, nawa za su ci?"

"Ban sani ba, Injiniya. Kai ma ba ka sani ba. Karanto na biyar."