Bakwai ɗin da Na Sa wa Rediyon Motar Sani

Jama'a, na rantse da Allah wannan abu a kaina ya faru, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki na ƙarshen nan. Lokacin ina aiki a shagon gyaran rediyo na Oga Okeke a Sabon Gari, wani Inyamuri mai lasin rediyon sha'awa, irin wadda ake magana da ita nesa.

Yana da wata na'ura da ake ɗaura wa mota, duk bayan 'yan mintoci sai ta aiko da inda motar take, mu gani a kwamfuta. Saƙon ba ya isowa da kansa, sai wata tasha ta karɓa ta miƙa gaba, kuma duk wadda ta miƙa sai ta buga sunanta a jiki. Tashoshin nan biyu ne kacal: tamu, da ta saman benen abokinsa Baba Lamidi a Fagge. Akwai lambar da ake sawa ta yawan miƙawar.

Da za a gwada ta a motar ƙanena Sani, mai ɗaukar atamfa daga Kantin Kwari, Oga ya ce, "Malam, biyu za ka sa. Biyu, ka ji?"

To ni mutum ne mai wasiwasi, ko ƙofa na kulle sai na koma sau uku. Na ce a raina, in yaron nan ya yi nisa saƙo ya ɓace fa? Sai na mayar da ita bakwai, ban faɗa wa kowa ba. Allah ya yafe mini.

Ana gama azahar saƙo ya shigo. Ga motar Sani tsaye cik a wata kwana kafin Wudil, agogon saƙon kuma ya nuna ƙarfe huɗu da rabi, alhali biyu ba ta cika ba. Sunayen tasha kuma uku ne.

Oga ya duƙo ya karanta na ukun, na ga sukuddireba ta faɗi daga hannunsa.

"Nawa ka sa?"

"Bakwai, Oga."

"Wannan sunan maigidana ne, wanda ya koya mini aiki. Shekara tara da mutuwarsa. Ni na kwance eriyarsa da hannuna."

Innalillahi! Ban tsaya neman takalmi ba, na keta Fagge da gudu har Kwari, sai ga Sani ana yi masa lodi, yana shan rake abinsa. Na zare mukullin motar na jefa aljihu.

"Yaya, lafiya? Ko aljanun Oganka ne suka hau ka?"

"Yau ba inda za ka. Rediyon da muka ɗaura maka ta nuna motarka tsaye cik a hanyar Wudil."

"Wace rediyo ma? Tun safe na cire wayarta, batir take sha mini!"

Na leƙa, wallahi waya a cire take.

Alhajin mai kaya ya yi faɗa har ya gaji, ya ce a juye dilolin a motar wani direba, Malam Ado, dattijo mai fara'a. Har ya ɗago mini hannu da zai tashi, yana cewa, "Ka kyauta, ka ba ni aiki!" Na buɗe baki in yi magana, sai na ji kunyar a yi mini dariya, na yi shiru.

Kafin magariba labari ya iso Kwari. A kwanar nan ce ta kafin Wudil, tayar motar Malam Ado ta fashe. Washegari da safe aka yi jana'izarsa, da ni a sahun gaba.

Sani na nan da ransa, har da jikoki. Na tambayi malamai, sun ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, amma har yau in na rufe ido hannun nan nake gani a ɗage. Oga bai sake kunna na'urar ba.

Don Allah, in wanda ya fi ku sani ya ce ku sa biyu, ku sa biyu. In kuwa kuka ga abin da ya tsorata ku a kan hanyar wani, ku faɗa masa, ko da kasuwa duka za ta yi muku dariya.