Yadda Na Goyi Surukina Zuwa Gidan Wankan Turkawa

Da asubahin wata Laraba muka bar Gumel. Sallah kawai muka idar muka ɗaura wa jakuna kaya, don muna so mu kwana a Maigatari mu ci kasuwar Alhamis. Ni ne da surukina, mahaifin matata, wanda ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus har sau uku tun kafin Nasara su ci Kano. Ni kuwa ban taɓa wuce Damagaram ba sai a wannan fita. Kayanmu jan fata ne da muka tara daga majeman Gagarawa da Ɗanzomo. Tun da muka dawo ake tsare ni da tambaya, kowa kuma abu ɗaya yake son ji, wai da gaske ne na yi wanka ɗaki ɗaya da surukina. Gaskiya ne, ga kuma yadda aka yi.

A Damagaram muka sayar da jakunan, muka ƙara gashin jimina a kan kayanmu, muka shiga ayarin raƙuma. Daga can sai Damargu, sai Agadas, inda kuɗin wuri ya daina amfani, kome sai da riyal ko musaya da gero. Bayan duwatsun Azbin babu abin da zan ba ku labari sai rairayi da rana. Abincinmu gumba da dabino da cukun Buzaye, ruwa kuwa na salka, mai ɗanɗanon fata. Wanka sai dai a tuna da shi, ko alwala ma taimama ce. A Gat na fara ganin sojan Turkawa, da jar dara a ka da gashin baki kamar ƙahon rago. Muka huta a Gadamas, garin da hanyoyinsa suke a rufe ta sama, mutum ya yi tafiyarsa cikin inuwa da tsakar rana.

Kun dai san tsakanin mutum da surukinsa. Shekara shida da aurena ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ko a hamada, in an dama gumba, sai in ɗauki tawa in zagaya bayan raƙumi. Shi ma ba ya kama sunana, Malam yake ce mini, maganarmu kuma ba ta wuce ta kaya da hanya.

Saura kwana biyar mu isa Tarabulus, muna gangara wasu duwatsu, raƙuminsa ya yi tuntuɓe ya durƙusa da ƙarfi. Bai faɗo ba, amma bayansa ya amsa. Washegari ya kasa miƙewa, a ɗaure bisa raƙumi ya shiga garin da ya sha shiga yana gaban ayari.

Tarabulus gari ne fari fat a bakin teku. Na tsaya ina kallon ruwan har wani Balarabe ya yi zaton ɓata na yi. Lungunan kasuwa matsattsu ne, kowace sana'a da nata. Gurasa da araha, man zaitun kuwa a kome suke zubawa. Suna da wani tuwon sha'ir mai tauri da suke ce wa bazin, ana mulmula shi a tsakiyar akushi a kewaye shi da miya, wanda ya ci shi da hantsi ba ya neman kome sai magariba. Fatunmu sun sami kasuwa. Mai masaukinmu mutumin Gadamas ne, ya yi shekaru a Kano, Hausarsa ras.

Amma jikin tsoho ya ƙi daɗi. Muka sami wanzami Bahaushe ya yi masa ƙaho, muka shafa man jimina, duk a banza. Ga shi ayarin komawa zai tashi cikin mako uku, madugu kuma ya faɗa ƙarara ba zai ɗauki wanda ba ya iya zama a sirdi ba, don hamada ba ta jiran majinyaci. Wanda ayari ya bari kuwa sai baɗi, in da rai. Wata safiya surukina ya kira ni, yana kwance yana kallon bango.

"Malam, ka bi ayari da kayan. Maƙabartar garin nan akwai Hausawa a cikinta, ba ni ne farau ba."

Mai masauki na bakin ƙofa ya ji. Ya ce tun farko ya so ya kawo maganar hammam, wato gidan wankan Turkawa, don ya ga masu dako da baya ya riƙe musu sun shiga a karkace sun fito a miƙe. Surukina ya ce sau uku yana zuwa garin nan bai taɓa leƙa wurin ba, don an gaya masa tsirara ake zama. Mai masauki ya rantse ƙarya ce, kowa a rufe yake daga cibiya zuwa gwiwa, maza da safe, mata kuma da nasu lokacin dabam. Tsoho ya ce ko da hakan ne, wa zai kai shi, wa zai riƙe shi a ciki? Kowa ya san amsar.

Na durƙusa na ce, "Baba, ku gafarce ni. In na koma Gumel ni kaɗai, da wane baki zan yi wa 'yarku bayani?"

Can ya ce in miƙo masa rigarsa.

Lungun bai ɗaukar jaki da mutum kwance, saboda haka goya shi na yi. Ban san ya rame haka ba sai da na ji shi a bayana kamar damin kara. Muka bi ta kasuwar maƙera azurfa har muka iso wata gajeriyar ƙofa kusa da masallaci.

Wanda duk Allah ya nufa da zuwa, ga abin da zai tarar. Ɗakin fari babba ne mai sanyi, da dakali kewaye an shimfiɗa tabarmi, a tsakiya ruwa na tsartuwa daga wata kwatarniyar dutse yana komawa ciki. Mai gidan ya karɓi kayanmu ya ajiye, ya ba kowa gyauto mai ratsi ya ɗaura, da takalman katako masu tsayi saboda zafin daɓe da santsi. Kuɗin shiga bai kai na cin abinci sau biyu a kasuwa ba. Na juya baya har tsoho ya gama ɗaura nasa, sa'an nan na tallafe shi muka shiga ɗaki na biyu mai ɗumi, muka zauna jiki ya saba.

Ɗaki na uku shi ne maganar. Da aka buɗe ƙofa tururi ya mare ni, na ce a raina ashe maza ma suna wankan jego. Da idona ya washe sai na manta da zafin. Rufin kamar kifaffiyar ƙwarya yake, an huda shi ƙanana ƙanana, an toshe kowace huda da abu kamar gindin kwalba, hasken rana na saukowa zare zare cikin tururi. Daɓe da bango duk farin dutse ne mai sulɓi, marmar suke ce masa. A jikin bango ga kwatarniyoyi, kowacce da bututun tagulla biyu, ɗaya na ruwan zafi ɗaya na sanyi, ka murɗa ya zubo. Ni da na tashi a garin da igiyar guga take cika kwando, na ga ruwa yana malala a ƙasa ba mai ko kallonsa, sai da na yi istigfari a madadinsu. Wuta kuwa ba a ganinta. Daga bayan gida ake hura ta, zafinta ya bi ƙarƙashin daɓen. A tsakiya akwai wani faffaɗan dutse mai zafi, nan ake kwanciya.

Mai cuɗa wani dattijon Baturke ne, an ce tsohon soja ne, damatsansa kamar taɓarya. Ba ya jin Hausa, mu ba ma jin nasa. Ya dubi yadda tsoho ke tsayuwa, ya bi ƙashin bayansa da yatsa biyu, ya kwantar da shi rub da ciki a kan dutsen, ya yi mini alamar kada a taɓa shi tukuna. Ni ya fara kamawa. Ya sa wata safar hannu ta gashin akuya ya shiga gurzata. Jama'a, na ɗauka ni mai tsabta ne. Dauɗar wata biyar ta riƙa murɗewa tana faɗuwa kamar abawa, shi kuma yana ɗebowa yana nuna mini yana girgiza kai. Ya kaɗa sabulun zaitun cikin jakar ƙyalle ya matse, kumfa ta rufe ni har wuya kamar an juye mini kwandon auduga. Sa'an nan ya lanƙwasa ni, ya ja hannu ya ja ƙafa, gaɓoɓina suna ƙara kamar ana karya kara. Na yi ƙara ni ma. Sai na ji dariya daga kan dutsen. Ban taɓa jin dariyar surukina ba sai ranar.

Da ya zo kan tsoho sai hannun nan ya zama wani dabam. Bai lanƙwasa shi ba, bai ja shi ba. Ya bari zafin dutse ya ratsa shi har gumi ya tsattsafo, ya riƙa kwarara masa ruwan ɗumi da tasa, yana bin gefen ƙashin baya da tafin hannu, yana cewa shuwayya shuwayya, wato a hankali. Ya wanke masa kai da gemu kamar yana wanke mahaifinsa. A gefenmu ga wani hafsan soja, ga mai dako, ga wani attajiri mai tumbi, kowa da gyauto iri ɗaya, ba ka sanin wane ne wane sai an fita an sa kaya.

Aka mayar da mu ɗakin fari, aka naɗe mu da mayafai masu laushi har ka, aka kawo shayi mai zaƙi. Duk wanda ya wuce sai ya ce sahha, wato lafiyar jiki. Na ɗauki nawa kofin zan koma bayan ginshiƙi, tsoho ya ce in zauna, bayan abin da ya gani a ciki shan shayi ba kome ba ne. Shawarata ga mai zuwa, kada ya shiga da cikakken ciki, ya sha ruwa sosai, kada kuma ya miƙe farat ɗaya daga kan dutsen, don ni na yi hakan na ga taurari da rana.

Ba zan ce muku ya warke a ranar ba. A goye na mayar da shi, sai dai ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Muka riƙa zuwa bayan kowane kwana biyu. A zuwa na huɗu ya taka da kafaɗata, a na bakwai da sanda. A zuwanmu na ƙarshe mai masauki ya raka mu ya gaya wa Baturken za mu shiga hamada. Sai mutumin ya kama hannuwana ya ɗora su a bayan surukina, ya sa nasa a kan nawa, ya nuna mini inda ake dannawa da inda ba a taɓawa. Ya ce ta bakin mai masauki, in babu hammam akwai dutse da wuta, a gasa dutse a naɗe a ƙyalle. Na ba shi jan fata ɗaya mai kyau, ya sumbace ta ya ɗora a goshi.

Ranar tashi madugu ya tsaya yana kallo. Tsoho ya hau raƙuminsa da kansa, yana cije leɓe, ya zauna daram. Madugu ya ɗaga hannu aka tashi. Muka taho da takarda da allurai da alharini da sukari. Kowane zango in an sauke kaya da la'asar, sai in tura duwatsu cikin toka, in gasa masa baya in yi masa tausa, yana ba ni labarin rijiyoyin hanya da sunayensu, don ya ce wannan ce ƙetarewarsa ta ƙarshe. Muka iso Maigatari ana girbin gero, washegari da hantsi muka shiga Gumel, shi a gaba.

Na ga teku, na ga jiragen da suka fi unguwarmu girma, amma abin da tafiyar ta koya mini ɗan ƙarami ne. Kunya ado ce, sai dai wani lokaci a bayanta muke fakewa mu bar tsofaffinmu da ciwonsu su kaɗai.

Kwana uku da dawowata na je gaida mahaifina, na tarar da shi ya fito daga makewayi da 'yar ƙwaryar wankansa, bayansa a bushe don hannunsa ba ya kaiwa. Na je rijiya da kaina, matan gida suna kallona suna ƙus ƙus. Na dafa ruwa a tukunya, na ɗaura masa zane, na zaunar da shi a kan turmi na shiga cuɗa shi. Ya sunkuyar da kai, har na ɗauka fushi ya yi.

Can ya ce, "Tun rasuwar uwarka ba wanda ya taɓa mini bayan nan."

Na ci gaba da zuba ruwa. Sai ya ɗan karkata kafaɗa ya ce in ƙara daga hagu.