Furen Sukari a Hannun Inna

Shekarar da muka samu ƴancin kai, Nasaran da nake yi wa kuku suka koma ƙasarsu. Na nemi aiki har na gaji, na koma ban ruwa a garakan Gamkalley, a bakin kogi. Kafin damina tafin hannuna ya tsattsage, yatsuna suka yi kaushi. Ɗaki guda muke, ni da matata da Inna, mahaifiyata, wadda ƙafafunta suka shanye tun muna Damagaram.

Wata safiya matar wani babban ma'aikaci a unguwar Maourey ta aiko kirana. Za ta aurar da ƙanwarta, tana son gato, wato kek, mai furannin sukari irin wanda ta taɓa gani a gidan uwargijiyata.

"In ya yi kyau, ina neman mai dafuwa," in ji ta.

Na daka sukari ya yi laushi, na kwaɓa da ƙaro da farin ƙwai, na murza da kwalba. Gwanintar aikin tana wajen lailaya: ka ɗora ganyen fure a tafi, ka shafa bakinsa da yatsa har ya yi sirantar ɓawon albasa. Na shafa na farko, kaushin yatsana ya karce shi. Na biyu ya yage. Na goge hannuna da dutse har jini ya fito, na shafa man kaɗe, ban ga canji ba. Matata ta gwada, amma hannun da ya saba da taɓarya bai fi nawa ba. Sukarin yana ƙarewa, biki kuma gobe. Na zauna bakin ƙofa.

"Kai, miƙo mini abin nan," Inna ta ce daga shimfiɗarta.

"Inna, ba ki taɓa yi ba."

"Nuna mini dai."

Na wanke mata hannu. Sai a lokacin na lura kwanciya ta mai da yatsunta kamar na jariri. Ta ɓata ƴan kaɗan, sannan ta gane. Ina yanka, tana lailayawa, ina haɗawa, matata tana korar kiyashi. Bayanta ya ƙage, na ce ta huta.

"Ka bar ni. Na daɗe ban yi wa kowa komai ba."

Muka shanya furannin a faifai kusa da garwashi saboda danshin kogi. Washegari na gasa gaton a gidan biki, na jera su a kai.

Matar ta yaba, amma mijinta ya riga ya ɗauko kuku daga ƙasar Dahome. Na koma ban ruwa. Jefi-jefi ƙawayen matar sukan aiko a yi musu gato, kuma duk wanda ya yi sallama a ƙofarmu, Inna takan ɗago kai ta tambaya ko masu gato ne.