Ni Na Faɗa Masa da Hausa

Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina tafinta a kotu a nan Lafia. Aikina in tsaya tsakanin alƙali da wanda ba ya jin Turanci, in ɗauki magana daga nan in kai can, ba ƙari ba ragi. Yawancin waɗanda na tsaya wa sun ɓace mini, fuskokinsu sun cakuɗe da juna. Guda ɗaya ne ya ƙi barina, wani yaro ɗan manoma daga wajen Adogi.

Abin da ya kawo shi ba shi da tsawo. Shi da ɗan wan babansa suka yi faɗa a fadama a kan injin ban ruwa, kowa na cewa ranar tasa ce. Babban ya mare shi, ya tura shi cikin taɓo. Shi kuma ya miƙe da fartanya a hannu, ya kai masa duka ɗaya da ƙota a ƙeya. Aka ɗora wanda aka doka a babur za a kawo shi asibiti, bai iso gari da rai ba. Yaron bai gudu ba. A bakin fadamar aka tarar da shi zaune.

Ranar da aka fara kawo shi gabanmu, wandon makaranta ne a jikinsa, muryarsa ma ba ta gama buɗewa ba. Amma shari'a ba ta san sauri ba. Yau fayil bai dawo ba, gobe motar gidan yari ba mai, jibi ana yajin aiki. Ana cikin haka aka yi wa alƙalin canjin wurin aiki, sabon da ya zo ya ce a faro daga farko. Kafin a kai ga sauraron shaidu an ci shekara huɗu. Wanda aka tsayar gaban sabon alƙalin dogo ne mai gemu, ba wanda zai dube shi ya ce yaro.

Lauyarsa, wata matashiya da ke tsaya wa marasa hali kyauta, ta kafe a kan cewa lokacin da abin ya faru bai kai sha takwas ba, saboda haka bai kamata a yi masa hukuncin manya ba. Aka nemi takardar haihuwa, babu, a gida aka haife shi. Aka nemi katin baftisma, gara ta cinye shi tare da akwatin da yake ciki. Sai aka kira uwarsa.

Ƙaramar mace ce, mai sayar da agushi a kasuwa, Hausarta irin ta cin kasuwa. Ta ce ta haife shi ne a daminar da aka yi wa cocinsu rufin kwano. Lauyan gwamnati ya tambaye ta wace shekara ke nan.

Ta ce, "Shekaran da an sa kwano."

Wasu suka yi dariya. Na mayar da maganar Turanci yadda ta faɗe ta, kuma tana fita daga bakina na ji ta zama fanko. A ƙauyensu wannan amsa ta isa, duk tsohon da ka tambaya zai lissafa maka. A ɗakin nan kuwa takarda ake so. Ba wanda ya ce a je a tambayi fasto ko dattawan cocin, ni kuma tafinta ba ya ba da shawara.

Mijinta bai taɓa zuwa kotun ba. Daga baya ta gaya mini ya ce ba zai iya zama a ɗaki ɗaya ba, wansa a dama, ɗansa a hagu. Wan nasa, uban mamacin, shi ba ya fashi. Benci ɗaya suke zama da ita, shi a wannan ƙarshen, ita a wancan, ba gaisuwa.

Ranar hukunci ba wuta, fanka a tsaye, alƙali ya yi fiye da awa guda yana karatu, ni ina bi. Ya ce bai gamsu cewa yaron ya yi niyyar kisa ba, don haka ba za a kashe shi ba. Da na faɗi wannan sai uwar ta ɗaga hannu sama tana godiya. Sannan ya ce ba a tabbatar masa da ƙarancin shekaru ba, ya karanta sauran. Na juya na dubi yaron na ce an yanke masa ɗaurin rai da rai.

Ya kalli bakina ya ce, "Baba, shekara nawa ke nan?"

Alƙali ya tambaye ni me ya ce, na gaya masa. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce in yi masa bayani. Na nemi wata hanyar faɗa, ban samu ba.

Na ce, "Ba a ƙirga shi da shekara, ɗana. Sai ranar da Allah ya karɓi ranka."

Ya ce to. Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ƙara masa da cewa yana da damar ɗaukaka ƙara, gandirebobi suka fita da shi, aka kira shari'a ta gaba, wata rigimar fili ce. Na tsaya na fassara ta har azahar.

Ɗaukaka ƙarar ba ta yiwu ba. Lauyar ta samu aiki a wani gari, wanda ya gaje ta fayil ya yi masa yawa, har wa'adi ya wuce. Uwar kuwa ni ta riƙe. A ganinta tunda daga bakina maganar ta fito, ni ne zan iya mayar da ita. Duk ranar da ta shigo gari sai ta biyo kotu ta zauna a gindin mangwaro har in fito. Na sha gaya mata ni ɗan aike ne kawai, sai ta ce ta ji, mako mai zuwa kuma ga ta. Wani lokaci na kan fita ta ƙofar baya. Ba na alfahari da wannan.

Sai da na yi ritaya na fara raka ta gidan yarin, don gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, ga layi. A can na ga yaron ya koyi aikin kafinta, har shi ake ba sababbin shiga ya koya musu riƙe zarto. Bai taɓa nuna mini fushi ba. Ya kan gaishe ni a durƙushe, ya tambayi iyali. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Na fara rubuta takardun neman afuwa zuwa ga kwamitin da ke ba gwamna shawara. Duk lokacin wani biki da ake sakin fursunoni sai mu kasa kunne a rediyo. A saki wasu, ba shi. Wani tsohon abokin aikina ya ce mini da wuya a duba mai laifin kisa in ba dangin mamaci ne suka ce sun yafe ba. Na yi wata biyu ina juya maganar, sannan na hau mota na tafi Adogi.

Na sami uban mamacin a gona yana kaftun doya. Ya tsufa ƙwarai. Ya gane ni tun daga nesa, ya ce ai ni ne mai maganar kotu. Na faɗi abin da ya kawo ni, na ce na zo da takardar yafiya, ina jiran ya kore ni. Ya daɗe yana kankare ƙasa daga bakin garmarsa da ɗan tsinke. Ya ce shi ya je kotu ne don ya ji yadda ɗansa ya mutu, ba don a karɓe musu na biyu ba. Ya ce a dā gidansu samari biyu ne, yanzu shi da ƙanensa suke noma su kaɗai, ba sa magana sai ta aiki.

"Malam, kawo takardan," in ji shi. "Na gaji."

A kan sirdin kekensa na shimfiɗa takardar, na shafa masa tawadar biro a babban yatsa ya dangwala.

Na kai ta ofishin kwamitin da hannuna, aka buga hatimi aka ba ni kwafi. Bayan wata tara na koma bin sawu, aka ce an yi ƙaura zuwa sabon ofis, ba a ga fayil ɗin ba, in sake kawo wata. Kafin nan tsohon ya rasu. Na kai musu kwafin, suka ce asali suke so, amma in bari za su duba.

Watan jiya ni da uwar muka je ziyarar yaron. Furfura ta fara fito masa a gefen kai. Ban gaya masa batun fayil ɗin ba, shi ma bai tambaya ba. Ya tambayi uwarsa ko an yi ruwa sosai bana, da wanda ya taya babansa huɗa. Ta ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya har gandireba ya buga ƙarfe. Muka fito na tsayar mata da keke napep zuwa tasha, ni kuma na taka a ƙafa zuwa gida, ina tsayawa ina hutawa.