Yinin da Sifirin Ya Karye a Jibiya

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Amma a rubuta daidai, wawa ne mai takarda, wanda ya yi elementare ya gama, ya kuma kusa shiga midil, in ban da malamin da ya duba jarrabawata ba ya son ci gaban ƙasa.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna. Ina aiki wajen wani mai sayen gyaɗa a Katsina. Aikina shafa lamba a jikin buhuna, don haka nake kiran kaina akawu. Wata shekara bayan kaka maigidana ya aike ni Maraɗi wajen abokin cinikinsa. Na sa farin wando da kwat ta gwanjo, na soka alƙalami a aljihu, na cusa ƙafafuna cikin sabon sau-ciki wanda tun a kanti ya nuna ba ya ƙaunata. Na hau babbar mota, can bisa kaya.

Muna shiga Jibiya muka ji ƙas! Direba ya leƙa ƙarƙashin mota ya ce sifirin ya karye, sai an nemo maƙeri, kowa ya nemi inuwa, ba tashi sai bayan la'asar. Fasinjoji suka yi ta tsaki. Ni kuwa na dubi gari, na ga ranar kasuwa ce, na ce mai ilmi ba ya zaman banza. Yau sai na san Jibiya ciki da bai.

Na fara da aski. Ina durƙushe gaban wanzami sai na ji muryar mace a kaina.

"Wanzami, bi a hankali, kan akawu ne ka riƙe."

Ƙanwar mahaifiyata ce, wadda nake kira Inna. A nan sai in gaya muku abin da na ɓoye. Mahaifiyata tana aure a Magama, nan kusa da iyaka. Ni ne ɗanta na fari. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, daga baya auren iyayena ya mutu. Kun kuma san matan da da ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana gaban mutane. Rabona da ganinta tun kaciyata.

Inna ta dire ƙwarya a gabana. "Ga hura, in ji wadda ta ce kar in ce ita ta aiko. Tana can gindin tsamiya, wajen masu daddawa. In an gama sassaƙe ka, ka tahi ka gaishe ta."

Na karkata kai, har aska ta ɗan taɓa ni. Na hango ta zaune cikin baƙin zane, ta ba mu baya.

"Inna, ta san ni ne?"

"Tun motarku ba ta tsaya ba ta gano ka bisa kaya."

"To me ya hana ta kira ni?"

"Ji mani ɗan nan! Ta kira ka da wane baki?"

Inna ta koma. Ni kuma na zauna da ilmina muka yi shawara, muka yanke hukunci cewa wannan kunya duhun kai ce, kuma ni Allah ya aiko in kawo ƙarshenta a ƙasar Katsina. Ba zan je ba sai ta kira sunana. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar kuwa ta fi haka gajarta: ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ina so in ji. Furar dai na shanye ta ƙaf, don fushin nawa bai kai can ba.

Daga nan na shiga cin moriyar yini. Na ci tsire. Na tsaya wajen Buzaye masu kanwa na taya raƙumi, alhali ko akuya ba ni da halin saye. Na bi wasu masu jakuna har bakin iyaka, na tsaya ƙafa ɗaya a ƙasar Ingilishi ɗaya a Faranshi, na gaida ɗan duwan, wato ɗan kwastan na Faransawa, da Turanci. Ya amsa da Hausa, ya ce in kauce wa jakuna hanya. Kun ga na wuce garin da take aure, na dawo ta gefensa, duk a ƙasa, takalmi yana cin dugadugina.

Da na komo kasuwa na bi ta gaban tsamiyar nan. Na wuce, na dawo, na sake wucewa. Na yi tari. Na zaro alƙalami na duba shi na mayar. Ita dai kanta na ƙasa, tana jera daddawa a faifai. Sau ɗaya na ga hannunta ya tsaya cak, sa'an nan ya ci gaba. Tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma biyu ba. Har ƙamshin daddawar ina ji.

Bayan la'asar direba ya danna hon. Na riga na haye bisa kaya sai ga Inna da sauri, ta miƙo mani wani abu a ƙunshe cikin ganye.

"Man kaɗe ne. Ka shafa wa dugadugin hagu. Kuma ka tuɓe takalmin nan, ba naka ba ne."

Ban gaya wa kowa ƙafar hagun ce ta sale ba. Wadda ta yini kanta a sunkuye ita ta gani. Na ce a raina ba komai, in zan dawo sai in sauka in gaishe ta, tunda ta ji horo. Da za mu dawo sifirin ya ƙi karyewa, ranar kuma ba ta kasuwa ba ce. Muka wuce Jibiya, gindin tsamiya ba kowa.

Cikin daminar da ta biyo baya mahaifiyata ta rasu. Na je Magama ta'aziyya, wannan karon da takalmin fata irin na kowa. Da mutane suka ragu na shiga cikin gida na sami Inna tana tsintar wake. Na zauna, na yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka zalunta.

"Abin da ya tsaya mani a rai, Inna, yini guda muka yi a kasuwa ɗaya, amma ta tafi ba ta kira sunana ba."

Inna ba ta ko ɗago kai ba.

"Ita don ta haihe ka ta kama bakinta. Kai, malam akawu, wa ka haihwa, da ka kasa durƙusawa ka ce ina wuni?"