Uwar Tsutsa da Faranti na Tara

A gida Mama ake ce mata, a wurin aiki kuma Uwar Tsutsa, duk sunan da aka kira ta da shi amsawa take da dariya. Shekara goma sha tara ke nan tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Da wankin kwalabe ta fara, har wata rana Farfesa, shugaban ɗakin, ya ce ta leƙa madubin nan mai ƙara wa ƙananan halittu girma. Ta leƙa, ta ga tsutsotsi sirara kamar zare suna lanƙwasa a kan faranti, ta ƙwalla ihu har ta ture kujera.

"Farfesa, wallahi rawa suke yi!"

Tun daga ranar aka bar mata kiwonsu. Ita ke zuba musu abinci, ita ke sauya musu faranti. Da yake kowace ba ta kai kan allura ba, da gashi ɗaya da aka manna a tsinken sakace ake ɗaukarsu. Ta gwada gashin kowa, ba ta sami kamar girar mijinta ba, wani tela mai yawan shiru. Da ya ga ta nufo shi da almakashi sai ya dafe goshi.

"Haba Maman yara, ko ɗaya ba za ki bar mini ba?"

"Malam, ilimi kake yi wa hidima. Tsaya cak!"

An yi wa tsutsotsin nan dabara: idan hanjinsu ya himmatu wajen ajiye sinadarin ƙarfe, irin wanda ke cikin jininmu, sai ya yi haske kore a ƙarƙashin madubi. Farfesa ya daɗe yana cewa hanji shi kaɗai ke yanke shawarar abin da zai ajiye, ba ya jiran umarnin kowa.

Wata Talata da hantsi tana duba farantai ɗaya bayan ɗaya, duk hasken dishi-dishi, sai ta zo kan na tara. Kore shar, kamar an kunna fitila a cikin kowace tsutsa! Ta goge madubin da gefen rigarta, ta sake leƙawa. Ta juya farantin ta karanta rubutun hannunta: waɗannan su ne aka kashe musu jijiyoyin da ke jin yawan iskar shaƙa. Jijiyoyin ba a hanji suke ba, to me ya kai labarinsu can?

Da gudu ta hau bene, takalmi ɗaya a ƙafa, ta faɗa ofis ko sallama babu. Farfesa na tsakiyar shan shayi.

"Ranka ya daɗe, hanjin nan naka ba shi da 'yanci! Jijiya ce ke danne shi. An cire ta, ya samu sake, yana ta tara ƙarfe kamar matar da uwar mijinta ta yi tafiya!"

Farfesa ya ƙware, shayi ya fito masa ta hanci. "Uwar Tsutsa, ko dai kin cakuɗa farantai?"

"Ni? Ko 'ya'yana ban sani kamar yadda na san waɗannan ba."

Suka sauko tare. Ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Can sai ta ji yana 'yar dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa na rawa. Dattijon da ɗalibai ke tsoron tarinsa ya miƙe ya zagaya teburi sau biyu yana tafi, ita kuwa ta rangaɗa guɗa har masu gadi suka shigo da tukunyar kashe gobara.

Wata huɗu suka yi suna maimaitawa. Sun sa tsutsotsin a akwati mai ƙarancin iska, sun fito da su, sun gyara jijiyoyin hasken ya dushe, sun sake kashewa ya dawo. Sau biyu farantai suka yi funfuna ta zauna ta yi kuka, ta share hawaye ta sake shirya sababbin farantai.

Da aka buga sakamakon, sunanta ne na uku a jerin marubuta. Farfesa ya tambaye ta me take so a yi mata. Ta ce kujera mai taya, irin tasa. Ranar da aka kawo, ta hau ta tokare bango da ƙafa, ta sulale tun daga bakin ƙofa har gaban firiji tana ihu. Wata sabuwar ɗaliba da ta zo neman shugaban ɗakin ta tsaya sororo, sannan ta durƙusa ta gaishe ta, ta miƙa mata takardunta, a zatonta ita ce shugabar.